Tukwanen Sudan: Yadda Matasan Unguwa Suka Riƙe Ƙasar da Manya Suka Yasar

Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke a Kartum tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF, wata runduna ta daban da sojan ƙasa, ƙarƙashin Mohamed Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti. Kafin a yi mako biyu, duk mai hanyar fita ya fita. Ofisoshin jakadanci suka rufe, jirage suka kwashe mutanensu, ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi ayarin motoci zuwa Port Sudan da ke bakin Bahar Maliya. Ɗalibanmu na Najeriya, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, motocin safa ne suka ɗauke su zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a can cikin rana da ƙishirwa kafin a samu a dawo da su gida. Hukumar Abinci ta Duniya ta dakatar da aikinta na ɗan lokaci bayan an kashe mata ma'aikata uku a Kabkabiya da ke Arewacin Darfur. Ita kanta gwamnatin daga baya ta tattara nata ya nata ta koma Port Sudan.

Aka bar talakan da ba shi da kuɗin mota, da tsohuwar da ba ta iya tafiya, da mai ciwon ƙoda da ke jiran wankin jini, da mai cikin da ta kusa haihuwa. Aka kuma bar wasu samari da 'yan mata waɗanda da yawansu za su iya tafiya amma suka tsaya. Su ne suka kafa abin da ake kira Ɗakunan Agajin Gaggawa. Yau idan ana maganar matasa a matsayin abin sa rai, ban san wani misali da ya fi nasu nauyi ba. Sai dai kuma misalin nasu yana rushe wasu abubuwan da muke yawan faɗa game da matasa ba tare da mun tsaya mun auna su ba.

Kada sunan ya ruɗi mai karatu. Sau da yawa babu wani ɗaki. Zauren WhatsApp ne na 'yan unguwa ɗaya, sai wani ajin makarantar firamare da aka daina karatu a cikinsa, ko harabar masallaci, ko wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi da ma'aikatansa suka gudu. A cikin zauren akwai ɗalibin likitanci da bai gama ba, da injiniyan lantarki, da malamar makaranta, da mai gyaran famfo, da direban a-daidaita-sahu. A kwanakin farko aikinsu shi ne gano hanyar da babu harbi su sanar da masu son ficewa, da neman maganin ciwon suga ga wanda nasa ya ƙare, da kai masu rauni asibiti, da binne gawawwakin da aka bari a kan titi. Da zuwa maƙabarta ya gagara, an yi ta binne mutane a tsakar gida da filayen makarantu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha faɗin cewa kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na asibitocin da ke yankunan yaƙi sun daina aiki. Kaɗan ɗin da suka rage, irin su asibitin Al-Nao a Umdurman da asibitin Bashair a kudancin Kartum, da taimakon 'yan sa-kan unguwa suka ci gaba da numfashi: su ne masu shara, su ne masu neman man janareta, su ne masu ba da jini.

Da yaƙin ya ƙi ƙarewa, yunwa ta zama babbar matsala, sai aikin ya koma kan tukunya. Sudaniyawa suna kiran waɗannan wuraren girki takaya, sunan da ya samo asali daga wuraren ciyar da baƙi da almajirai na shehunan ɗariƙa. A girka wake, ko adas, ko shinkafa, ko fate, a manyan tukwane a kan itace. Kowane gida ya aiko yaro da kwano ko bokiti a zuba masa gwargwadon yawan mutanen gidan. A unguwanni da dama, abin da aka zubo a wannan kwano shi ne abincin yini guda cur.

To me ya sa waɗannan yara suka iya abin da manyan hukumomi masu motoci da dala suka kasa? Amsar tana cikin yadda agajin ƙasa da ƙasa yake tafiya. Majalisar Ɗinkin Duniya tana aiki ne da izinin gwamnatin da ta amince da ita, wato ta soja, wadda a lokacin take Port Sudan. Duk motar abinci da za ta tsallaka zuwa yankin da RSF ke riƙe da shi sai ta samu takarda, kuma soja ba sa son ciyar da yankin abokin gaba. A watan Fabrairun 2024 gwamnati ta hana shigo da kaya ta mashigar Adre da ke iyakar Chadi, wadda ita ce ƙofa mafi sauƙi zuwa Darfur, ba a sake buɗe ta ba sai a watan Agusta. A nasu ɓangaren, dakarun RSF sun wawashe rumbunan abinci, sun kafa shingaye suna karɓar kuɗi, sun kuma ƙirƙiro tasu hukumar ba da izini. Motar da ta tsira daga takardar wancan sai ta faɗa hannun bindigar wannan. A watan Agustan 2024 ne kwamitin ƙwararru na duniya da ke auna matakan yunwa ya tabbatar cewa an shiga matakin yunwa mai kisa a sansanin Zamzam da ke kusa da El Fasher. Gwamnatin soja ta musanta, daga baya ma ta janye daga tsarin auna yunwar gaba ɗaya. Alhali a lokacin kusan mutum miliyan 25, wato rabin al'ummar ƙasar, suna fama da matsananciyar yunwa, sama da miliyan 12 kuma sun bar gidajensu.

Matasan unguwa ba sa bukatar tsallaka shinge, domin a can suke tun asali. Abin da ke tsallakawa shi ne kuɗi, ta waya. Ɗan Sudan da ke aiki a Riyad ko Dubai ko Landan ya tura kuɗi ta manhajar Bankak ta Bankin Kartum, 'yan ɗakin su karɓa, su je wajen ɗan kasuwar da ya rage a unguwa su sayi buhun wake da mai da gawayi. Wani lokaci sai sun mayar da kuɗin waya zuwa tsaba, mai canjin kuma ya yanki kasonsa. Sun san gidan da akwai marayu, sun san wanda kunya ba za ta bar shi ya zo layi ba sai an kai masa. Babu albashi, babu hayar ofis, babu motar alfarma. Kusan duk abin da ya shigo cikin tukunya yake faɗawa.

Mai kallo daga nesa zai ce ai tausayi ne, matasa ne masu zuciya. Gaskiya ne, amma tausayi kaɗai ba ya ciyar da unguwa wata da watanni. Kowa yana da tausayi a rana ta farko. Abin da ya bambanta matasan Sudan shi ne sun shafe fiye da shekara goma suna koyon yadda ake gudanar da unguwa ba tare da gwamnati ba, kuma gwamnatin ce da kanta ta tilasta musu koyon.

Bayan Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, aljihun gwamnatin Omar al-Bashir ya bushe, asibitoci suka zama kango. A wannan lokaci ne wasu matasa suka fara zama a bakin wani titi da ke kusa da asibitin yara a Kartum, titin da ake kira Shari' al-Hawadith, suna tambayar iyayen da suka fito da takardar magani a hannu ba kuɗin saye. Sai su rubuta bukatar a Facebook, jama'a su turo katin waya, su mayar da shi kuɗi su sayi maganin. Abu kamar wasa ya bazu zuwa wasu garuruwa. A 2015 suka kammala ɗakin kula da yara masu tsananin rashin lafiya a wani asibiti a Umdurman da kuɗin jama'a, kuma da aka zo buɗewa ba su gayyaci minista ya yanke ƙyalle ba. Wata mai sayar da shayi a bakin titin, wadda a wajenta suke zama, ita suka ba almakashi. Wannan ya ɓata wa wasu manya rai ƙwarai, kuma ina ganin da gangan aka yi.

A watan Agustan 2013 ambaliya ta cinye unguwannin gefen Kartum, hukuma ta yi jinkiri, sai dubban matasa suka haɗu a ƙarƙashin sunan Nafir, wato aikin gayya irin wanda manoman Sudan ke yi wa junansu kamar yadda namu ke yi. Suka buɗe layin waya, suka rarraba kansu rukuni-rukuni, masu ƙidayar gidajen da suka rushe daban, masu rabon tanti da abinci daban. Wata guda bayan haka, a Satumba, aka janye tallafin mai, jama'a suka fito, jami'an tsaro suka buɗe wuta. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun ce an kashe kusan mutum 200. Darasin da matasa suka ɗauka daga wannan kisa shi ne duk tafiyar da ke da shugaba guda ɗaya sananne, kama shi ya isa a kashe ta. Daga nan aka fara kafa ƙananan kwamitocin unguwa, waɗanda aka sani da kwamitocin turjiya, kowanne da 'yancin kansa, ba mai ba wani umarni.

Su ne suka zama ƙashin bayan juyin da ya taso a Disambar 2018, lokacin da farashin burodi ya ninka sau uku, mutanen Atbara suka cinna wa ofishin jam'iyya mai mulki wuta. Ranar 6 ga Afrilun 2019 aka fara zaman dirshan a gaban hedikwatar soja, ranar 11 ga wata soja suka sauke al-Bashir bayan shekara 30 a kan mulki. Wannan filin zaman dirshan ya zama makaranta: akwai wurin girki, akwai asibitin tafi-da-gidanka, akwai masu binciken jaka a ƙofa, akwai azuzuwan yaran titi. Ranar 3 ga Yuni, ana jajibirin ƙaramar salla, jami'an tsaro, waɗanda shaidu suka ce galibinsu 'yan RSF ne, suka afka wa filin, aka kashe sama da mutum 100, aka jefa wasu gawawwakin a kogin Nilu. Kwamitocin ba su mutu ba. A zamanin gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdalla Hamdok su ne ke tsayawa a gidajen burodi suna ƙirga buhunan fulawar tallafi don kada a karkatar, su ne ke tsara layin gas. Da Burhan da Hemedti suka haɗa kai suka kifar da gwamnatin farar hula ranar 25 ga Oktoban 2021, kwamitocin ne suka yi ta fitowa mako bayan mako da taken nan nasu na a'a guda uku: ba sulhu, ba tarayya a mulki, ba halasta juyin mulki. 'Yan siyasa da jakadun ƙasashen waje suka ɗauke su a matsayin yara masu taurin kai da ba su san yadda duniya ke tafiya ba. Yaran sun ce janar-janar ɗin nan biyu ba abin yarda ba ne. Jakadun suka ci gaba da zama da janar-janar ɗin har zuwa makon da suka juya wa juna bindiga.

Saboda haka ranar da yaƙi ya tashi, akwai lambobin waya a hannu, akwai sanin wane ne mai amana a kowane layi, akwai al'adar yin taro a yanke shawara a rubuta. Wannan shi ne jarin. Ba duk 'yan ɗakunan agaji ne suka fito daga kwamitocin turjiya ba, da yawa sababbi ne da ba ruwansu da siyasa, amma ƙwarangwal ɗin tsarin daga can aka gado shi.

Wani abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne yadda suke riƙon kuɗi, don a nan ne irin wannan aiki ya fi mutuwa. Ɗakin unguwa yana da wakili a majalisar ƙaramar hukuma, ita kuma tana da wakili a ta jiha, kuma akan sauya wakilan. Unguwar da ke neman tallafi takan rubuta abin da za ta yi da kuɗin a takarda mai sauƙi, a duba, a tura, bayan an kashe ta kawo rasit da hotuna da bayanin mutum nawa suka ci. Idan kuɗin da ya shigo bai isa kowa ba, wakilan ne ke zama su yanke wace unguwa ta fi shiga uku a wannan makon. Mata kuma suka buɗe nasu ɗakunan, saboda akwai abin da mace ba za ta faɗa wa saurayin unguwarsu ba: fyaɗe, wanda ya zama makami a wannan yaƙi, da haihuwa ba ungozoma, da rashin audugar mata. Kuma ƙa'idar da suka riƙe da ƙarfi ita ce tukunya ba ta tambayar ƙabila ko ɓangare. A ƙasar da ake yanka mutum saboda launin fatarsa ko sunan garinsu, kamar yadda aka yi wa 'yan ƙabilar Masalit a El Geneina a 2023, wannan ƙa'ida ita kanta matsayi ce ta siyasa, ko da masu ita sun ce ba siyasa suke yi ba.

Duniya ta yaba. An sa sunansu cikin waɗanda ake ganin sun cancanci kyautar zaman lafiya ta Nobel a 2024 da 2025, kuma a 2025 sun samu kyautar Rafto ta ƙasar Norway da kyautar Right Livelihood ta Sweden. Sai dai yabon nan yana da wani ɗaci idan aka duba abin da ya faru da tukwanen a daidai wannan lokaci.

A watan Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a mafi yawan ƙasar. Bankak ta tsaya, kuɗi ya daina shigowa, wuraren girki da yawa a Kartum suka kashe wuta cikin 'yan kwanaki. Mafitar da aka samu ita ce na'urorin Starlink masu kama intanet daga tauraron ɗan Adam da aka shigo da su ta ɓarauniyar hanya, waɗanda a yankuna da dama 'yan RSF ne ke da su ko ke karɓar haraji a kansu. Wato ɗan agaji sai ya je ya biya mai bindiga kuɗin awa guda kafin ya karɓi kuɗin da zai ciyar da waɗanda mai bindigar ya jefa cikin yunwa, kuma yana yi ana leƙen wayarsa. Sannan a ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje. Ashe kaso mai yawa na kuɗin tukwanen daga hukumar tallafi ta Amurka, USAID, yake zuwa, ta hannun wasu ƙungiyoyi. Cikin 'yan makonni masu gudanar da ɗakunan suka ce kusan kashi 80 cikin 100 na wuraren girkin sun rufe, sama da 1,100. Sa hannun mutum ɗaya a Washington ya kashe wutar murhu a Umdurman.

Wannan ya tona wani abu da ake ta rufewa. Tun a 2016, a babban taron agaji na duniya da aka yi a Santambul, manyan masu ba da tallafi suka yi alkawarin cewa kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida kai tsaye gwargwadon iko kafin 2020. Ba a ko kusanci wannan adadi ba. Dalilin da ake bayarwa shi ne ƙa'idojin binciken kuɗi: ƙungiya sai tana da rajista, da asusun banki da sunanta, da rahoton mai binciken kuɗi. Ɗakin agaji kuwa ba shi da rajista, kuma da gangan, domin yin rajista a Sudan yana nufin miƙa sunayen mutanenka ga hukumar da jami'an tsaro ke zaune a cikinta. Sai kuɗin ya bi ta hannu biyu ko uku, kowane hannu ya ɗauki kuɗin gudanarwa, abin da ya rage ya isa ga wanda ke fuskantar harsashi. Haɗarin na yaran unguwa ne, kuɗin gudanarwa na masu ofis a Nairobi.

Haɗarin kuma ba na wasa ba ne. Ɓangarorin biyu duk suna zarginsu. A yankin RSF, wanda ke da waya da kuɗi a asusu ɗan leƙen asirin soja ne, ko kuma abin a kama a nemi fansa. A yankin soja, wanda ya zauna ya yi girki a unguwar da RSF ke riƙe da ita ɗan haɗin baki ne. An kashe 'yan agaji da dama, an tsare wasu, an azabtar da wasu. A farkon 2024 hukumomi a wasu jihohin da ke hannun soja sun haramta kwamitocin unguwa ɗungurungum. Da soja suka ƙwace Wad Madani a Janairun 2025 da Kartum a Maris, murnar jama'a ta zo tare da farautar waɗanda ake zargi, kuma cikin waɗanda abin ya shafa har da mutanen da laifinsu kawai shi ne ba su gudu ba. A El Fasher kuwa, inda RSF ta yi wa gari ƙawanya wajen wata 18, sai da ta kai tukwanen suna dafa ambaz, wato tunkuzar gyaɗar da ake ba dabbobi, kafin garin ya faɗi a ƙarshen Oktoban 2025 a yi kisan da hotunan tauraron ɗan Adam ma suka nuna alamunsa.

Akwai kuma gaskiyar da masu waƙar matasa ba sa son ji. Yaron da ke tsaye a shingen RSF da bindiga yana ƙwace wayar mutane, shi ma matashi ne, wataƙila ma bai kai mai girkin shekaru ba. Dubban da suka amsa kiran soja suka ɗauki makami, su ma matasa ne, kuma cikinsu akwai waɗanda jiya-jiya suke cikin kwamitocin turjiya suna rera taken zaman lafiya. Wasu sun ce bayan abin da aka yi wa gidajensu da 'yan uwansu mata ba su ga wata hanya ba. Tsara ɗaya ce ta rabu, wani ya ɗauki ludayi wani ya ɗauki bindiga. Don haka ƙuruciya ita kaɗai ba ta ba da tabbacin komai. A ƙasar da rabin jama'a ba su kai shekara 20 ba, matasa ne za su yi kowane aiki, na alheri da na sharri, tunda su ne suke nan. Tambayar ita ce wane tsari ne ya riga ya isa ga yaro, na mai raba bindiga ko na mai raba abinci. Hemedti yana biyan albashi, yana kuma ba da damar ganima. Ɗakin agaji ba abin da yake biya sai gajiya.

Mu Hausawa ba 'yan kallo ba ne a wannan labari. Tun bayan yaƙin Burmi a 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya yi hijira gabas da jama'arsa suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, da kuma ayarin mahajjatan ƙasa da suka yada zango ba su ƙarasa ko ba su dawo ba, Hausawa suka zama wani yanki na Sudan, a Sennar da Gadarif da Kassala da Jazira da sauransu. A 2022, kafin babban yaƙin, rikicin ƙasa da sarauta a jihar Shuɗin Nilu ya ci rayukan ɗaruruwan mutane, Hausawa da maƙwabtansu. Mutanen da ake yi wa kallon baƙi ko bayan shekara ɗari su ne suka fi cin moriyar ƙa'idar da ta ce a zuba wa kowa ba tambaya, su ne kuma za su fi shan wuya ranar da ƙa'idar ta karye.

A gida ma ba mu rasa masu zuciya ba. Da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya shanye Maiduguri, an ga samari cikin ruwa har wuya suna fito da tsofaffi da yara, an ga mata suna girki suna kai wa sansanoni tun kafin motocin hukuma su iso. Kullum a Facebook akwai wanda ke tara wa mara lafiya kuɗin tiyata, ko kuɗin makarantar marayu, har ma da kuɗin fansar wanda 'yan bindiga suka sace, abin da ya kamata ya ba mu kunya a matsayin ƙasa. Amma idan aka kwatanta da na Sudan, akwai bambanci a fili. Namu yawanci a kan mutum ɗaya yake tsayawa: shafinsa, asusunsa, sunansa, hotonsa yana miƙa buhu. Idan ya gaji, ko aka zarge shi da cin kuɗi, ko wani ɗan siyasa ya ba shi muƙamin mai ba da shawara, shi ke nan aikin ya bi ruwa. Kuma namu yana tashi ne idan masifa ta auku, ya kwanta idan ta lafa. Ba kasafai za ka samu unguwar da matasanta ke da rubutaccen jerin gidajen mabukata, da ma'aji biyu, da ranar karanta lissafi a bainar jama'a, a lokacin da babu ambaliya babu kyamara ba. Muna da gayya, muna da zakka da waƙafi, muna da ƙungiyoyin unguwa masu yashe kwata kafin damina. Kayan haɗin duk suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne haƙurin yin aikin da ba a ganin fuskar kowa a cikinsa.

Sai dai kada a ɗauka ina cewa matasa su maye gurbin gwamnati. Wannan tarko ne, kuma su kansu 'yan ɗakunan Sudan suna ta nanata cewa ba su zo don su zama gwamnati ba. Duk lokacin da wani babba ya tashi a taro ya ce matasa ne fatanmu, ya kamata a tambaye shi me ya ajiye musu. Sau da yawa wannan yabo hanya ce ta sauke nauyi: mu mun ɓata, ku ku gyara, Allah ya yi muku albarka. Tukunya ba ta hana jirgi marar matuƙi jefa bam a kasuwa. Ba ta gyara tashar ruwan da rushewarta ta kawo kwalara a Kartum a 2025. Ba ta mayar da yara miliyoyi makarantun da aka rufe. Waɗannan aikin hukuma ne, kuma hukuma ba ta samuwa sai an daina harbi.

A nan ne lamarin ya fi ɗaure kai. An zauna a Jidda a watan Mayun 2023, wakilan soja da na RSF ne a teburin. An kira taro a Geneva a Agustan 2024, soja ma ba su je ba. A Satumbar 2025 Amurka da Saudiyya da Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka fitar da shawarar tsagaita wuta na wata uku sannan a koma mulkin farar hula, alhali ana zargin Daular Larabawa da bai wa RSF makamai, zargin da take musantawa, Masar kuma kowa ya san tana bayan soja. A duk waɗannan zama, kujera ta mai bindiga ce da mai ba shi bindiga. Mutanen da suka nuna a aikace cewa za su iya tara kuɗi, su raba shi da adalci, su kawo lissafi, a unguwannin da babu ɗan sanda ko alƙali, ana kiransu ne su yi jawabi a gefen taro a tafa musu.

Su ma a tsakaninsu ba su gama yanke shawara ba. Wasu na ganin ranar da suka zauna a teburin siyasa, ranar ce kariyar da ta rage musu za ta tafi, domin mai shinge yana barin buhun wake ya wuce ne kawai saboda ya yarda mai ɗauke da shi ba ɗan kowa ba ne. Wasu kuma na cewa an taɓa yin haka a 2019: su suka zubar da jini, wasu suka je suka raba kujeru da janar-janar, kuma ga inda aka ƙare. Idan suka sake tsayawa a bakin murhu suka bar teburin, za a sake ƙulla yarjejeniya tsakanin mutanen da suka rusa ƙasar, a ba su muƙamai a matsayin ladan ajiye makami, kamar yadda aka yi a yarjejeniyar Juba ta 2020, wadda wasu daga cikin waɗanda suka sa mata hannu suka mara wa juyin mulkin 2021 baya bayan shekara guda kacal.